Kifin Farko Daga Jirgin Muksal

Talata, 5 ga Nuwamba
Na je, don ɗana Muksal ya ƙyale ni in sha iska. Wai likitar damuwa. Bu Safrida sunanta, wato Malama Safrida, yarinya ce, na haife ta. Ba allura, ba ƙwaya, kujera biyu da fanka. Ta ce me ke tafe da ni. Na ce ɗana ya yi sabon jirgin kamun kifi, ya rantse ba zai taɓa ruwa ba sai na yayyafa masa ruwan albarka da shinkafa da hannuna, kamar yadda ake wa kowane sabon jirgi. Ni kuwa rabona da bakin teku tun safiyar da babbar igiyar ruwa ta shafe garinmu ta tafi da 'yata Rauzah. Kifi ma ban ƙara kai shi baki ba.
"Me ya sa kifi, Mak?" in ji ta. Mak, wato mama, yadda 'ya'yana ke kirana.
Na ce ke ba 'yar yankin nan namu na Aceh ba ce? Kin san gawarwakin da kifaye suka ci a shekarar.
Ta yi shiru. Shirun nan ya yi ta janyo magana daga cikina, wallahi ban san ina da ita ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Jikina duk ciwo kamar na wuni daka. Magana fa kawai na yi! Ikon Allah.

Talata, 12 ga Nuwamba
Ta ce in ba ta labarin Rauzah, amma ban da ranar. Na buɗe baki, babu komai. Ashe duk shekarun nan safiya ɗaya ce ta rage min daga 'yata.
Can sai ga ta a zuciyata. Zaune a tabarma, tana kokawa da yayanta Muksal a kan idon kifi, miya har goshi. "Mak, ya cinye min ido!" Muryarta tar a kunnena. Na yi dariya, na yi kuka har na yi amai a kwandon sharar likita. Subhanallahi, a ina aka ajiye min wannan?

Talata, 19 ga Nuwamba
Ban je ba. Gyambo ya rufe, meye na tono shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba
Jirgi na nan a kan yashi, kifi na wucewa. Abokan Muksal na tsokanarsa wai ya sassaƙa wa kaji akurki. Na ce ya kira liman ya yayyafa mana. Ya ce, "Ko shekara ce jirgin zai jira ki, Mak." Taurin kan ubansa sak.

Talata, 26 ga Nuwamba
Na koma. Ko tambayar makon jiya ba ta yi ba. Mun taka tare zuwa gada, inda ake jiyo warin teku. Gwiwoyina suka yi ta rawa. Ta ce, "Bar su su yi, Mak, ke dai ja numfashi." Suka yi, suka gaji, suka daina. Ni a zatona in rawar ta fara sai mutuwa.

Lahadi, 8 ga Disamba
Jiya na yayyafa. Ruwa ya taɓa min ƙafa, ɗumi gare shi. Na manta yana da ɗumi.
Yau Muksal ya kawo kamun farko, ya ajiye a ƙofar kicin. Na dafa, tunda ba mai dafawa. Ban ci ba fa. Gishiri kawai na ɗanɗana.
Idon na cire na sa a ɗan faranti. Muksal ya gani, bai taɓa ba.
Gishirin ya yi daidai tun farko. Na dai sake ɗanɗanawa.