Mai Jan Bango

Tabuka, 4 ga Safar 1387

Zuwa ga aminina Mukhtaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da amaryarka Rumasa'u da mutanen unguwar Hindawiyya baki ɗaya.

Ka tuna fayafayan kiɗan jita na Turawa da na taho da su daga Dahran, su goma sha huɗu, na bar maka ajiya da zan zo aikin hanya? Ka tuna yadda muke rufe taga bayan la'asar, mu rage muryar garmaho, kowa ya rubuta makinsa a bangon faifan? Mai jan bango na ba shi goma, kai ka ba shi shida, ka ce jitarsa kamar ƙofar da ba ta sha mai ba.

To, ƙarar injin fasa dutse ta cinye min kunnen hagu, likita ya ce na dama ma yana hanya. Ka zaɓo uku da ka fi so, ka jera su yadda ranka ya ba ka, ka ba Wada direba ya kawo min. Ina so in ƙara jin su tun da sauran ji.

Naka,
Rabe

Makka, 19 ga Rajab 1387

Ya akhi Rabe,

Sallama da gaisuwa, da addu'ar Allah Ya ba ka lafiya.

Wasiƙarka ta same ni tun Safar. Kunya ce ta hana ni amsawa. Lokacin bikina surukina ya zo duba gidan, ka san shi da ƙin kiɗa, sai na hau da akwatin fayafayan kan rufi na lulluɓe da buhu. Na ce kwana biyu ne, ashe zan manta. Ranar da na karanta takardarka na hau na buɗe. Zafin ranar Makka ya gama da su, duk sun lanƙwashe kamar gurasa. Na ɗora ɗaya, allura ta yi ta tsalle.

Sau uku Wada yana tsayawa a shagona, ina ce masa ban gama zaɓa ba. Rumasa'u ta ce, "Ka rubuta masa gaskiya mana, ai ba kai ka kunna ranar ba." Na ƙi ji. Na yi ta zuwa Jidda ina bin shagunan bakin tashar jiragen ruwa ina neman irinsu, har makon jiya na samu mai jan bango wurin wani Bayamane. Shi kaɗai na samu, ga shi nan.

Ka ce in jera. Shi ne na ɗaya a wurina, tun ranar farko. Don kada ka ce ka fi ni kunne na ba shi shida. Mai hoton mota na biyu, na ukun kuma wanda mai ganga yake yin shiru a tsakiya sannan ya dawo.

Ka yafe ni.
Mukhtaru

Tabuka, 2 ga Sha'aban 1387

Mukhtaru,

Ina gaishe ka. Faifai ya iso lafiya, bai fashe ba.

Kunnen dama ma ya tafi tun Jimada. Da ka faɗa min a Safar, da na ɗauki hutu mun bi Jidda tare, ko ba mu samu ba na ji muryarka.

Jiya na ɗora shi, na dafa akwatin garmahon. Gangar tana zuwa min a tafin hannu, jitar kuwa babu.

Na yafe. Zan zo Makka azumi. Ka tanadi takarda da fensir, da su ake hira da ni yanzu.

Rabe