Mun cire kubar ɗakin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya iyali, ya ƙarfin jikin Hajara? Mu nan Zurmi lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Yaya, mun cire kubar ɗakin Baba. Tun rasuwarsa ba a ga makullin ba, ga rufi ya fara yoyo, muka ji tsoron littattafansa su jiƙe. Kafinta ya ce a ɓalle ƙofar. Inna ta ce, "Ba a gabana ba. Malam da hannunsa ya kafa ta." Dole ya lallaɓa ta taga, ya kwance kubar daga ciki.

Ruwa bai yi ɓarna sosai ba. Buzunsa na shimfiɗe yadda ya bar shi. Inna ta daɗe tsaye bakin ƙofa, sannan ta ce kada a sa sabuwa, jikokinsa su riƙa karatu ciki. Ni raina ya kwanta da haka, amma kai ne babba, maganarka muke jira.

Ka sa Baba a addu'a, mu ma kada ka manta da mu. Inna tana sa maka albarka. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Rabi