Wanda Suke Kira Buhu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara.

Ranar Talatar nan da hantsi ina kishingiɗe, saura shafi bakwai in gama littafin da nake karantawa, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dogo ne, abokin aikin maigidana a wajen 'yan kwana-kwana, fuskarsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Yana da rai. Ɗauko mayafinki." Har yau ban san yadda littafin ya ƙare ba.

Siton katifu ne ya kama da wuta. Suna ciki rufi ya rufto, katako ya danne masa ƙafa. Abokansa suka koma suka jawo shi cikin minti shida. Ƙafar ta karye, an ɗora, sauran jiki lafiya, alhamdulillahi.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Kin san da na aure shi, gani nake kamar jaruman littattafaina, zai riƙa fitowa daga wuta da jariri a ƙirji. Wata uku da suka wuce aka gayyace mu iyalai kallon atisaye. Suna da wani tsohon gini a bayan ofis, sai a cika shi da hayaƙi, mutum ɗaya ya kwanta kamar ya ji rauni, sauran a ɗaure musu ido su shiga da rarrafe su nemo shi. Wa kike jin yake kwanciyar? Nawa. Wai don ya fi kowa nauyi. Har suna suka sa masa, Buhu. Ina tsaye da sabon ɗinkina aka jawo shi ta matakala, hularsa tana bugun kowane tsani. Matar direbansu ta taɓa ni ta ce, "Amarya, naki dai ya iya kwanciya."

Na koma gida na yi kuka, na rubuta wa dattijon da ke horar da su takarda, na ce ni ba buhu na aura ba.

Yanzu maigidana ya ce in ƙafar ta warke, komawa aiki ko bari, maganata ce. Wai ni ce mai zama da fargaba, don haka ni zan yanke. Ki ba ni shawara.

Ki gaida kowa.
Taki, Auta

*

Auta,

Mun gode Allah da ya tsaya a ƙafa. Ki yi masa sannu.

Shawara kika nema, to ga ta: ya bari. Wannan ba littafi ba ne. A littafi ai ba a kashe ango a tsakiyar labari, wuta kuwa ba ta iya karatu ba. Na yi magana da maigidana, yana neman amintacce a shagonsa na kayan gini. Inuwa, fanka, kujera. Buhu ma ai a shago yake zama.

Tun kina ƙarama in aka aike ki sai a tsince ki a bayan ƙofa da littafi. Wannan karon ki ajiye shi ki dubi gabanki. Ba na son ranar da Dogo zai sake zuwa ƙofarki da wata magana daban.

Allah ya ƙara sauƙi.
Yayarki

*

Zuwa ga Baba mai horo,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni ce matar Buhu. Na rubuta sunan da hannuna, ban ji komai ba. Ni ce kuma na aiko maka da waccan takardar ta rashin kunya. Ka yafe mini, ƙuruciya ce da yawan karance-karance.

Na zauna kwana uku ina neman kalmar godiya. Littattafaina cike suke da kalmomi masu daɗi, amma na duba ban sami wadda ta kai ba. Abin da na sani shi ne, yau da safe na ji shi yana rigima da ni a kan shayi ya yi sanyi, sai na shiga kicin na yi ta hawaye don daɗi. Allah ya saka muku da alheri, kai da Dogo da duk wanda ya shiga hayaƙin nan.

Baba, tambaya ɗaya gare ni, kuma ina so ka gaya mini gaskiya kamar 'yarka. In na bar shi ya dawo, wuta ta sake rutsawa da shi, za ku sake fito mini da shi?

Ka huta lafiya.
'Yarka, matar Buhu

*

'Yata,

Na sami takardarki. Waccan ta farkon tana nan a durowata, in raina ya ɓaci nakan karanta in yi dariya. Babu abin yafewa.

Ba zan yi miki alƙawarin abin da ba a hannuna yake ba. Rai na Allah ne. Sai dai in gaya miki abin da na sani.

Sau arba'in da uku muka ja mijinki. Ran farko minti goma sha tara muka yi, da a ce wutar gaske ce da iskarsa ta ƙare. Tukunyar iskar da ke bayansa kullum sai ta maƙale a ƙofa. A karo na goma Dogo ya gano sai an juya shi ta hagu, an zura maɗaurin ta tsakanin ƙafafunsa. Ranar Talata ko tafin hannunka ba ka gani a ciki, amma hannun Dogo ya san hanya.

Abu na biyu ya fi wannan. Abin da ke kashe irinmu kunya ce. Mutum ya maƙale, ya ƙi kira, wai zai fid da kansa kada a yi masa dariya, har iska ta ƙare. Mijinki an riga an gama yi masa dariya. Katakon na sauka ya danna rediyon oba-oba ya ce, "Buhu ne, hawa na ɗaya, gefen matakala, ƙafata ta maƙale." Sannan ya kwanta lamo yana tattalin numfashi, yadda ya saba. Shekara ashirin ina koyar da wannan, kaɗan suka iya.

Ki kuma sani, ranar da wani ne a ƙasa, shi ne a gaba wajen ja, don babu mai ƙarfinsa. Ina son ya dawo, amma maganarki ce.

Roƙo ɗaya. Dogo ya ce tun da kika shigo gidansa mutumin ƙara nauyi yake. In za ki ci gaba da irin wannan girki, ki riƙa sanar da mu.

Allah ya yi miki albarka.
Babanku

*

Yayata,

Ina gaisuwa. Ki yi wa maigidanki godiya ƙwarai, ba zan manta da wannan karamcin ba. Na san tsoro ne ya sa ki rubuta abin da kika rubuta, ni ma ina da irinsa, kuma ba na jin zai tafi.

Jiya Dogo ya zo dubiya da matarsa da 'yarsu mai wata biyar. Maigidana ya tambaye shi wa ke kwanciya a atisaye yanzu. Ya ce direba. Maigidan ya ce, "Wannan tsinken? Ai ba abin da za ku koya." Suka yi ta dariya. Ni kuwa jaririyar tana cinyata, tana riƙe da yatsana, ina kallon hannun ubanta da ƙunar da bai gaya wa kowa ba. Na ce a raina, ranar da Dogo ne a ƙarƙashin katako, ina so a ce nawa yana cikin masu rarrafe.

Likita ya ce wata biyu. In sun cika zai koma aiki. Na faɗa masa yau da safe.

Taki, Auta