Faci a Hagu, Yagewa a Dama

Zuwa ga Mudir na kantin kayan farauta da kamun kifi da ke unguwar Shifa, Riyad.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan kana lafiya. Na fito fili ne saboda na gaji da zarya, saƙonnin da na turo ta wayarku kuwa kamar na jefa tsakuwa a rijiya.

Sunana Garba, mutumin Yawuri, direba a kasuwar kayan gwari ta Aziziya. A bakin kogi aka haife ni, neman abinci ya kawo ni nan. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne Juma'a da sassafe in je tafkunan kudancin gari in jefa ƙugiya. To ina da ciwon suga, likita ya ja mini kunne a kan rauni a ƙafa. Shi ya sa na tsallake masu araha, na ba ku riyal ɗari huɗu na ɗauki takalmin roba mai kaiwa ƙirji. Mai sayarwa har da dafa ƙirji, ya ce asli ne, ba jabu ba, da garanti na shekara guda. Ashe an gudu ba a tsira ba.

Na farko, ko wata bai yi ba ƙafar hagu ta fara yoyo. Na dawo da shi, aka ce ba ka nan, in zo bukra, wato gobe. Na zo, aka sake cewa bukra. Da na dame su, ma'aikacinka da bakinsa ya ce in ɗan liƙe shi kafin ka dawo. Mu a wurinmu abu in ya huje ba a yar da shi, don haka na kai wa mai facin taya, ya ɗora masa faci.

Na biyu, ina tsakiyar ruwa tafin takalmin na ƙafar dama ya ɓalle, fasasshiyar kwalba ta yanke ni. Da wannan ƙafar nake taka birki, Mudir. Har yau ciwon bai kame ba, motar tana ajiye, kafilina, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya fara cigiyar wani direban. In aikin ya tafi, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta bi shi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai: da na ɗingiso na kawo takalmin, aka juya shi, aka nuna facin, aka ce garanti ya faɗi tunda wani ya taɓa kayan. Faci a hagu, yagewa a dama, ina haɗinsu? Wanda ya ba ni shawarar yana tsaye yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba.

Ban nemi kuɗin asibiti ba. Ku mayar mini da kuɗina, ku sauke irin takalmin nan daga kanta kafin ya cuci wani, ku kuma hana yaranku ba da shawarar da za su musanta gobe. In duk wannan ya yi muku nauyi, ku bari in turo muku mai facin nan ya koya wa kamfanin aiki, domin a takalmin gaba ɗaya facinsa ne kaɗai bai ɗaga ba har yau.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare maka ƙafar da kake neman abinci da ita.

Wassalam.

Garba Direba,
Aziziya, Riyad.