Bencin da Na Yi wa Masu Laifi Yana Jirana

Mama, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni kafinta ne, duk bencinan majami'armu aikin hannuna ne. A ikkilisiyarmu, wanda ya yi laifi aka sa shi a horo, a bencin baya yake zama, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, sai dattawa sun maido shi. Da aka ba ni aikin wannan benci, da gangan na yi shi siriri, babu majingina, ko goge katakon ban yi ba. Har raha nake yi wai mai zunubi bai cancanci jingina ba. A lokacin gani nake ni da Allah bakinmu ɗaya.

Wanda ya fara zama a kansa ƙanena ne, saboda giya. Ina can gaba ina rera waƙa da ƙarfi, ko waiwayarsa ban yi ba. Bai daɗe ba ya ɗauke ƙafa, har yau bai dawo ba.

To, bana na je sa ƙofofi a gidan wata mata, aiki ya ƙare, ni ban daina zuwa ba. Ba zan ce ruɗata aka yi ba, ido buɗe na yi zina da ita. Da asiri ya tonu na daina zuwa majami'a, dattawa kuma suka sa ni a horo. Matata ta ce ta yafe, amma in ta ajiye mini abinci ba ta zama. Fasto ya ce in dawo sujada in zauna a baya. Lahadin da ta wuce na sa kaya, na kai bakin ƙofa, na hango bencin, sai na juya shago na zauna cikin garin katako ina hawaye. Dattawa sun ce in ban zo wannan Lahadin ba, na ƙi horo ke nan, za su cire ni daga ikkilisiya.

Ba kunyar mutane ce kaɗai ke damuna ba, Mama. Tsoro nake kada Allah ya kasance da irin zuciyata. Da wace fuska zan shiga gidansa?

Kafinta mai nadama

Ɗana, ban yi dariya ba, amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Ka ci amanar matarka, ka kuma wulaƙanta ƙanenka lokacin da ya fi bukatar yayansa. Dattawa ba su zalunce ka ba. An yi horo ne domin mutum ya tsaya ya dubi kansa a tsakiyar 'yan'uwa, muguntar da aka haɗa da shi kuwa kai ka ƙara.

Inda ka yi kuskure shi ne auna Allah da kanka. Ba don kyan halinka ya ƙaunace ka ba tun kana zama a gaba, saboda haka faɗuwarka ba ta ba shi mamaki ba. Mu ne muke saɓa alkawari, shi ba ya saɓawa. Yesu ya san abin da za ka aikata, kuma ya mutu dominka duk da haka.

Ka yanke hulɗa da matar nan gaba ɗaya. Kada ka matsa wa matarka ta saki jiki, yafiya daban, warkewa daban, ka bar ta ta zauna ranar da zuciyarta ta yarda. Kafin Lahadi ka je wurin ƙanenka, ba da wa'azi ba. Ka faɗa masa abin da ka yi, ka roƙe shi gafara, ko ya karɓa ko ya rufe maka ƙofa.

Ranar Lahadi kuwa ka shiga. Bayanka zai yi ciwo, wasu za su waiwayo. Amma wanda ke bencin baya yana cikin gidan Ubansa ne, kai kuwa yanzu a waje kake. Ubangiji ya riƙe hannunka, ɗana, ya kuma warkar da gidanka.