Juyin Mardiyya

Kaura Namoda,
20 ga Satumba, 2021.

Yaya Malam Haladu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da ɗalibai. Yaya ciwon gwiwa, yaya kuma zaman ɗar-ɗar na Zurmi? Allah ya yaye mana.

Takardarka ta iso ta hannun direba. Tun da aka katse layukan waya muka koma alƙalami, na kuma lura hannunka bai manta faɗa ba. Ka ce an gaya maka ni, tsohon malamin lissafi mai furfura, ina rawar Turawa da matata a tsakar gida. Maƙwabcina Jabiru ne, na sani. Bai yi ƙarya ba, labarin ƙasa ne bai iya ba: salsa sunanta, tushenta kuma Kuba. Ya ce na zauce, ina ƙirga ɗaya, biyu, uku, in tsallake huɗu. Haka ake ƙirga ta, a huɗu da takwas ake numfasawa.

Ga abin da ba ya ganuwa ta kan katanga. Tun zazzaɓin da ya taɓa kunnen matata Mardiyya da azumi, jiri bai sake ta ba. Da ta waiga sai ƙasa ta juya. Sau biyu ta faɗi, na biyun dab da murhu. Wata huɗu ke nan tana kan tabarma, salla ma a zaune. Likita a Gusau ya ce magani ya gama nasa, saura ta riƙa juyawa har kanta ya saba, in ba haka ba zaman ya zaunu ke nan. Ya ba ta takardar motsa jiki, ta yi kwana biyu ta ce ita ba soja ba ce. Ɗiyarmu Firdausi ce ta turo bidiyo uku daga Abuja kafin a rufe waya, ta ce a wannan rawar aƙalla akwai mai riƙe wa mutum hannu.

Ba kiɗa, ba ɗan kallo sai Jabiru. Matata ce, gidana ne. Na duba littattafan da kai ka karantar da ni, ban ga babin da ya hana ba. In ka gani, aiko mini da shafin.

Ƙanenka,
Nuruddeen.

8 ga Oktoba, 2021.

Yaya,

Bayan sallama da fatan kun tashi lafiya. Rubutun sha ya iso, ta sha, tana godiya. Shafin ne bai iso ba. A madadinsa ka ce ba za ka ƙara taka gidana ba sai na daina zubar da mutuncin gidanmu. Na ji. Ban daina ba.

Zan faɗa maka abin da zai ƙara maka hujja: ta sake faɗuwa, kuma laifina ne. Takun gaba da baya ta iya shi cikin mako guda, juyin ne ya gagara. Ni ne nake damƙe mata hannu ina murɗa shi kamar mai tuƙa tuwon suna. Na zauna na kalli bidiyon ya fi sau talatin, tunda ba wanda zan tambaya. Ashe namijin ba ya juya macen. Ɗaga hannu kawai yake yi kaɗan sama da kanta, yatsu a sake, ya zana da'ira wadda ba ta wuce murfin kwano ba, ita ta juya kanta. Shekara talatin ina koyar da da'ira, sai yanzu na san amfaninta.

Na gyara, jirin bai tafi ba. Sai na lura da idon macen da ke cikin bidiyon. Tana kafe shi a fuskar abokin rawarta har wuya ya kasa, sannan ta fizgo kai ta sake samun fuskar. Mardiyya kuwa ƙasa take kallo. Ka san tarbiyyar kakarta ta Shinkafi: shekara ashirin da shida ba ta taɓa duban tsabar idona ba. Na yi mata bayani, ta ce ɗiyar mutunci ba ta ƙura wa miji ido, kuma ma me za ta gani. Na yi mata alama da alli a bango, amma bango ba ya tafiya tare da mu. Yau kwana uku ta koma tabarma.

Ina jin tsoro, Yaya. Kai kaɗai na faɗa wa, ko da kana fushi.

Naka,
Nuruddeen.

2 ga Nuwamba, 2021.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da kaka. Ba ka ba ni amsa ba, na ɗauka direba ne ya yi nauyi.

Sulhu muka yi: ta yarda za ta kalli hulata. Aka yi kwana goma juyi yana zuwa rabi-rabi, don hula ta yi sama, kanta yana ɗagewa, ƙafa tana ɓata. Ran Talatar da ta wuce da hantsi, ina ɗaga hannu sai na sa ɗayan na tuɓe hular. Ta rasa abin kallo sai sanƙo, dariya ta kama ta, idonta ya zame ya faɗo cikin nawa. Ta juya, ta dawo, ta same ni inda ta bar ni. Sau huɗu a jere. Da muka tsaya ta ce ashe idona ɗaya ya fi ɗaya girma, da ta sani da wuri da ta yi shawara.

Jiya ta yi la'asar a tsaye, da ruku'u da sujada, ba ta dafa komai ba. Ina bakin ƙofa, kuma ba zan rubuta maka abin da fuskata ta yi ba.

Yanzu juyi biyu a ƙirga ɗaya muke koyo, ita ta nema. Gidana a buɗe yake gare ka ko ka janye maganarka ko ba ka janye ba. Sai dai in ka zo, ka yi sallama da ƙarfi ka ɗan jira a zaure. Wataƙila tana tsakiyar juyi, ni kuwa ba na sakin hannunta a nan, ko don kai.

Surukarka tana gaisuwa.

Ƙanenka har gobe,
Nuruddeen.