Mutumin Ƙarfe a Ƙofar Gonar Desmond

Wirrabilla, 3 ga Satumba

Desmond,

Bayan gaisuwa, wadda na rubuta don haka Mama ta koya mana, ba don ka cancanta ba. Ina fata tumakinka suna lafiya.

Shekara huɗu ban yi maka magana ba, kuma niyyata in cika biyar. Abin da ya katse mini ita shi ne mutumin ƙarfen nan da ka girke a bakin titi, wai akwatin wasiƙa. Ka san na sayi motar lantarki, tunda an gaya mini a mashaya ka ce na sayi firji mai taya. To, firjin nan yana da ido. In ya ga mutum zai shiga titi, da kansa yake taka birki. Mutuminka kuwa yana tsaye da hula, ya miƙo hannu ɗaya. Kullum da safe in zan tafi laburare, kullum da yamma in zan dawo, sai motar ta ƙame a ƙofar gonarka kamar doki ya ga maciji. Jiya littattafan da zan kai gidan tsofaffi suka taso daga kujerar baya, ƙamus ya same ni a ƙeya.

Asabar ta sama ce ranar baje kolin gona. Zan shiga gasa da kek ɗin Mama mai hawa uku. Beryl Tonkin ta ci shekara shida a jere, bana kuma na rantse sai na sauke ta. In kek ɗin nan ya manne a gilashin motata, kai za ka lashe shi. Ka ja mutuminka baya, taku biyar ya isa.

Kada ka ɗauka sulhu nake nema. Ban manta ba, kwana tara da binne Mama ka shiga gidanta ka ciro murhunta na itace, ka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, ko tambayata ba ka yi ba. A gaban murhun nan na koyi duk abin da na iya.

Noelene mai kai wasiƙa na ba wannan, don ƙafata ba za ta taka ƙasarka ba.

Ka huta lafiya,
Raelene Pengilly

5 ga Satumba

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Tumaki sun gode da tambaya, ni ma ƙalau nake, ko da yake ba ki tambaya ba.

Sunansa Barry. Shekara uku yana tsaye a wurin, bai taɓa tsallaka titi ba. Ba ya matsawa, a siminti na dasa shi.

Ina ganinki daga rumfar askin tumaki kullum, takwas saura kwata. Ba na jin abin da kike faɗa, amma ina ganin bakinki yana aiki. Kare ma ya gane lokacin, yana zuwa ƙofa ya jira. Motar nan ta fi ki ladabi, Auta. Ita tana tsayawa ta gaida mutane.

In kina tsoron kek, ki bi ta bayan rafi.

Maganar murhu ba ta takarda ba ce. Ki sauko ki buɗe cikin Barry da hannunki.

Yayanki,
Des

Wirrabilla, 8 ga Satumba

Zuwa ga Shugaban Sashen Manhaja,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu bakwai ne masu motarku a garin nan. Mun zauna a laburare ranar Litinin, aka ce ni in rubuta, wai na fi kowa iya fushi a tsare.

Motar muna sonta, ba ta ƙara, ba ta wari. Amma ga dukkan alamu wanda ya koya mata hanya bai taɓa fita daga birni ba.

Taswirarku ta san wani titi a bayan rafi. Na bi shi jiya. Ya ƙare a ƙyauren da aka kulle da sarƙa tun ina 'yar makaranta, da bijimi a bayansa, muryar motar kuma ta ce mini cikin fara'a in ci gaba kai tsaye. Muna so a ba mu hanyar gaya mata cewa titi ya mutu, kuma ta riƙe.

In babbar motar shanu ta taho, mu nan gefe muke ratsewa mu ba ta wuri. Motarku sai ta fizge sitiyari ta mayar da mu tsakiya, wai mun fita layi. Dokta Anand ya ce saura kaɗan ya zama majinyacin kansa.

Tana rage gudu a gaban makaranta ranar Lahadi. Tana tura mu wurin caji ba ta faɗa mana akwai motoci uku a layi ba. Emu biyar, tsuntsayen nan masu kama da jimina, sun gifta gabana a watan jiya, ko gezau ba ta yi ba, amma akwatin wasiƙa mai hula yana sa ta suma. Ga hotonsa nan. Ku koya mata bambancin mutum da garwa. Na san da wuya, ni ma na sha ruɗewa a kan wasu dangina.

Taku mai jiran gyara,
R. Pengilly

11 ga Satumba

Uwargida Pengilly,

Muna godiya da saƙonki. Ra'ayin abokan hulɗarmu yana da matuƙar muhimmanci a gare mu. An miƙa hoton ga injiniyoyinmu, kuma sun nemi izinin liƙa shi a bangon ofis.

Sashen Kula da Abokan Hulɗa

Wirrabilla, 14 ga Satumba

Desmond,

Gaisuwa. A taƙaice.

Jiya, ranar gasa, na yi dabara. Na tsaya nesa da ƙofarka, na sauko da tsohon bargo in lulluɓe Barry don motar ta wuce bai tsorata ta ba. Ban taɓa dubansa da kyau ba, kullum kau da kai nake. Ina ɗaga bargon sai na ga cikinsa. Ƙofar tandar murhun Mama ce. Ka shafe ta da baƙin fenti, amma ga ɓallin nan a kusurwa inda na jefe ta da ƙwallon kurket ina shekara tara, kai aka daka, ba ka tona ni ba. Na buɗe. Ga gwangwanin gasa kek ɗinta a ciki, mai lotsattsen gefe, wanda na birkice gidan ina nema.

Na fi minti ashirin a tsaye a bakin titi da bargo a hannu. Rana ta bugi kek ta gilashi, hawa na sama ya zame. Na zo ta biyu. Alƙaliya ta ce ɗanɗanon babu kamarsa amma ya karkace. Beryl ta riƙe hannuna ta ce, “Haba 'yar uwa, baɗi ma shekara ce.” Ban cije ta ba, kuma ina so a rubuta mini wannan a dutsen kabarina.

Shekara uku gwangwanin nan yana zaune Noelene tana jefa masa takardun talla. Me ya hana ka magana, bakinka ma walda ka yi masa?

Raelene

16 ga Satumba

Auta,

Gaisuwa, da jajen kek.

Murhun ya tsage daga ciki, hayaƙi yana malala cikin ɗaki. Shekara biyu Mama tana ɓoye miki. Ta sa na yi alkawari ba zan faɗa ba, ta ce in kika ji za ki kwashe ta ki kai gari. A wajen jana'iza na ji kina cewa za ki kunna shi ranar Kirsimeti, yara su kwana a falon. Shi ya sa na ciro shi. Ƙofar kaɗai ce ba ta ci wuta ba.

Na zo gidanki in yi bayani, gwangwanin yana hannuna. Kafin in buɗe baki kin fara. Ke ma kin san in kin fara. Kin kira ni abubuwa uku da sai da na duba ƙamus.

Sai na sa shi inda za ki riƙa wucewa kullum. Ban zaci sai an ƙero mota daga ƙasar waje kafin ki tsaya ba.

Ki zo shan shayi ranar Lahadi.

Yayanki,
Des

Wirrabilla, 24 ga Satumba

Yaya,

Bayan gaisuwa, ta gaske wannan karon.

Ban zo Lahadi ba. Na sa takalmi har sau biyu. Na ce bari in bari sai Litinin, motar za ta tsaya da kanta, sai in sauko kamar dole aka yi mini.

Litinin da safe na tarar kamfanin ya sabunta manhaja. Daga cikin abubuwa shida da muka roƙa, ɗaya tak suka gyara, ka san wanne. Har yau tana son in bi ta kan bijimi, amma ta gane Barry ba mutum ba ne. Ta wuce shi sumul, na ga karenka a madubi yana bin mu da kallo. Kwana uku ke nan muna wucewa.

Na rubuta musu su mayar da ita yadda take. Sun ce ra'ayina yana da matuƙar muhimmanci.

Ƙanwarka,
Raelene

25 ga Satumba

Auta,

Gaisuwa. Na yi wa Barry aiki. Na sa masa rigar ruwata mai ruwan ɗorawa, hannun yanzu yana lilo da iska, na ƙara masa kare na gwangwani a gefe. Noelene ta gaishe shi da safe. Gobe mu ga abin da firjinki zai ce.

Buta za ta hau wuta takwas saura kwata.

Des

26 ga Satumba

Yaya,

A cikin Barry na bar maka wannan, don ba zan iya faɗa a gabanka ba. Motar ba ta ruɗu ba ko kaɗan. Ni na taka birkin.

Shayinka ya cika ruwa. Gobe zan zo da nawa ganyen.

Auta